Sensar Da Na Cire a Motar Rusmir

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau babu wasa a bakina. Wadda ta san tana da saurin zagi ta daure ta riƙe shi har ta kai ƙarshe, don duk abin da za ku ce mini na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi.

Ga sababbin shigowa, sunana Mersiha, 'yar Hajrudin bakanike ce ni a garin Olovo. Ni kaɗai iyayena suka haifa, shi ya sa tun ina 'yar firamare nake miƙa wa Babo, wato babana, sufana, har na girma na zama mai riƙe kwamfutar duba mota a garejinsa. Shi da kunne da hannu yake aiki, ni kuma da allo. Rusmir shi ne wanda zan aura. Mutumin Kladanj ne, yana tuƙa bas a Graz can Ostiriya, sai lokacin zafi yake zuwa gida hutu. Kada wata ta ce dole aka yi mini. Ina son Rusmir, son da idan saƙonsa ya shigo ina tsakiyar aiki sai na goge baƙin mai a jikin wandona na duba. Graz ɗin ce ba na so. Motocin yanzu duk kwamfuta ne a cikinsu, ranar da na bi miji Babo zai koma mai canjin taya da birki, shi da ake kawo wa mota daga garuruwa saboda sunansa.

Wannan maganar ban iya faɗa wa kowa ba. Idan na faɗa wa Babo cewa zai yi in tafi, ba a kaina aka fara ba. Rusmir kuwa na sha ja masa rai, har kunyar kalmar “baɗi” nake ji. Mama kullum da sabon zanin gado a hannunta tana tambayata ko ya yi. Goggo Sabaheta, yayar Babo, ita ba ta ma ɓoye-ɓoye, cewa take sa'o'ina duk sun yaye na biyu ni ina nan ina warin fetur. Haka dai aka tsayar da Asabar bayan azahar danginsa su zo neman aurena. Litinin hutunsa zai ƙare. Ku riƙe wannan, don a nan shaiɗan ya samu ƙofa: idan Asabar ta wuce ba a yi ba, sai wata shekarar.

Ranar Laraba ya shigo garejinmu da motarsa, wata tsohuwa ƙirar Jamus mai lambar waje. A wajenmu idan baban budurwarka bakanike ne ka kai motarka wani wuri, to ka zage shi a tsakiyar kasuwa. Ya gaishe da Babo hannu biyu, ya yi mini kallo ɗaya ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, alhali tun safe yake cika mini waya da shirme. Ya ce tun daga kan iyaka take ba shi wahala. Da safe lafiya lau, amma idan ta yi tafiya ta ɗauki zafi sai ta fara fizga, wutar cek, mai nuna inji na da matsala, ta kama, can sai ta mutu. A yi ta murza makulli tana kuka ba ta tashi, sai an ba ta lokaci ta huce.

Babo ya tayar da ita ya kara kunne. Ya ce ba famfon mai ba ne, don da shi ne da ya ji muryarsa. Wannan ciwon na wuta ne. Na jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna saƙon sensar kamshaf yana ɗaukewa. Ga waɗanda ba su sani ba, wata 'yar aba ce da ba ta wuce babban yatsa ba, tana maƙale a saman inji. Ita ke gaya wa kwamfutar cikin mota inda sandar da ke buɗe bawul ta juyo, don ta san lokacin ba da mai da wuta. Idan ta yi shiru, mota ta tsaya ke nan.

“Shi ke nan sai a canza ta,” in ji Rusmir.

“Kai ka tsaya a tuƙinka,” Babo ya ce masa. “Allo ya ce ba ya jin magana. Bai ce mai maganar ce ta mutu ko wayar ce ta tsinke ba.”

Muka cire soket muka duba, babu tsatsa babu mai. Na auna wutar da ke zuwa, tana nan cif. Na jijjiga wayoyin inji na aiki, ko gezau. Sai Babo ya aike ni cikin gida in ɗauko masa na'urar busar da gashi ta Mama, wadda ta rantse ba za ta ƙara ba mu aro ba. Ya saita iskar zafin a kan sensar, muna tsaye, can motar ta yi tari biyu ta mutu. Rusmir ya riƙe baki. Na ga gashin bakin Babo yana motsi, haka yake yi idan ya ji daɗin kansa.

Sabuwar sensar ta iso daga birnin Tuzla ranar Juma'a da safe a hannun direban bas. Na miƙa hannu zan karɓa Babo ya ce a'a, motar suruki shi zai yi da kansa. Ya cire kan batir, ya zare soket, ya kwance noti ɗayan da ke riƙe da ita, ya murɗa tsohuwar a hankali ta fito. Ya shafa ɗan mai a robar sabuwar, ya tura ta har ta zauna, ya ɗaure ba tare da ya matse da yawa ba. Sannan ya yi abu biyun da bai taɓa tsallakewa ba tunda na san shi: ya ɗiga rawayan fenti a kan sabuwar, alamar hannunsa ne ya sa, ya kuma ƙulle tsohuwar a leda ya jefa a but, don mai mota ya gani da idonsa an canza. Ya wanke hannu, ya ce in goge wutar cek in rufe bonet, ya tafi masallaci.

Aka bar ni ni kaɗai da mota.

Ba zan ce muku ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Na buɗe but na ɗauko ledar, na kwance sabuwar na mayar da tsohuwar inda take. Ko gahawa aka ɗora ba ta isa tafasa ba na gama. Na goge wutar, na cusa sabuwar da ledar a aljihun rigar aikina, na rufe bonet. A raina na ce ai ba wani abu ba ne. Gobe da rana tsaka, mota cike da mutane, ga hawan dutsen Karaula da ke kan hanyarsu ta zuwa garinmu, za ta mutu a gefen hanya su zauna jiran ta huce. Su iso a makare, Goggo ta ce ranar ba ta da sa'a, a ɗage, ni kuma in samu shekara guda in koya wa Babo allon nan. Abin da na ƙi bari zuciyata ta tuna shi ne idan inji ya mutu ana tafiya sitiyari yana yin nauyi, birki ya ƙage. Ni da nake gaya wa masu mota wannan kullum.

Da yamma ta yi sanyi Rusmir ya zo ya ɗauka, ta kuwa kai shi gida lafiya. Ya turo mini, “Ki ce wa Babo hannunsa zinariya ne.” Na mayar masa da hoton zuciya.

Asabar tun asuba gidanmu ya kacame. An shimfiɗa kafet ɗin da ba a fito da shi sai Sallah, an jera silifas na baƙi a bakin ƙofa. Mama ta murza pita, burodin nan namu mai falle-falle, mai nama da mai cuku, baklava kuma, alkakin wajenmu, tun jiya take shan zuma a faranti. Goggo ta fito da ƙananan kofunan gahawa masu bakin zinariya na kakarmu, tana ƙirga su tana hararar duk wanda ya matso. Aka sa ni cikin doguwar riga kalar ganyen zaitun mai ɗinkin azurfa a wuya, da mayafi ruwan madara. Goggo ta kama yatsuna ta jiƙa a ruwan lemon tsami tana gurzar ƙasan farcena, wai kada uwar miji ta karɓi gahawa daga hannun bakanike. Babo ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, yana ta zagaye tsakar gida. Ita kuwa sensar na naɗe ta a safa na tura can ƙasan akwatin 'yan kunnena.

Saƙon Rusmir ya shigo. “Mun taso. Mama ta yi wanka da turare, idona har hawaye yake.”

Wani ya biyo. “Kawu Mensur yana ta haddace jawabinsa, ya hana kowa magana.”

Daga nan shiru. Azahar ta wuce, pita ta huce aka mayar da ita murhu. Goggo ta fara tsaki tana leƙen taga, daidai yadda na tsara, amma maimakon in ji daɗi sai na koma kan waya. Na tura masa “Kuna ina?” ya fi a ƙirga, yana nuna ya shiga ba a buɗe ba. Can sai ga amsa: “Muna lafiya, kada ki tsorata. Kada ki gaya wa Babo komai tukuna.”

Ba sai na gaya masa ba. Wajen la'asar janwe ya shigo layinmu da motar a bayansa, fitilar dama a fashe, gefen ƙofa a goge. Bayansa tasi ce ɗauke da baƙinmu. Duk maƙwabta suna kan baranda, don kowa ya san yau ake neman auren 'yar Hajrudin.

A bakin Kawu Mensur muka ji yadda aka yi, kuma a tsakar gida ya faɗa, da murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Ba a hawan ta mutu ba. Sai da suka haye suka fara gangarowa, a kan kwana, ga babbar motar katako a bayansu. Rusmir ya danne birki da duk ƙarfinsa, ya jingina motar da ƙarfen gefen hanya har ta tsaya, mai katakon ya wuce su da kyar yana hon. Bayan ƙarfen nan rami ne. Mahaifiyarsa, Hajiya Fikreta, ta bugu a kafaɗa, ta fito daga tasi ana riƙe da ita, leɓenta na motsi da salati. Furannin da suka kawo mini suna hannunta, ta manta ma tana riƙe da su.

“Malam Hajrudin,” Kawu Mensur ya ce, “mun ji ana yabon aikinka, yau kam mun gani. Saura kaɗan ka haɗa mu da surukanmu na lahira.”

Rusmir ya ce Kawu don Allah ya bari. Babo ya nufi motar. Da kwat ɗinsa da komai ya hau janwe ya buɗe bonet. Ina tsaye a bakin ƙofa cikin rigar zaitun ina kallon bayansa. Na ga ya sunkuya, ya ɗago, ya ciro tabarau ya sake sunkuyawa. Ya sa yatsa ya goge kan sensar yana neman fentinsa. Ya zagaya ya buɗe but ya ɗaga komai, babu leda. Ya sauko ya shiga gareji, muna jin yana jan durowa ɗaya bayan ɗaya, har kwandon shara ya zazzage. Da ya fito wajena ya nufo, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni.

“Mersiha, jiya kin ga na sa sabuwar?”

'Yan uwa, nan ne Allah ya ba ni dama. Kalma ɗaya ce. Amma ga Hajiya tana rawar jiki, ga Kawu Mensur, ga maƙwabta, ga Rusmir yana kallona da tausayi. Tsoro ya kama ni, tsoron kada ya san wadda zai aura ta kusa kashe masa uwa.

“Ina wajen kwamfuta lokacin, Babo. Ban duba ba.”

Ya daɗe yana kallona, ba kallon tuhuma ba, da ma shi ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ina ganin hannuna yana ɗiga fentin. Har yanzu ina gani.” Ya juya ya je gaban Hajiya Fikreta ya ba ta haƙuri, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, kada a ɗora wa yarinya.

Sai a lokacin na tuna kakana, mahaifin Babo. Shi ma haka ya fara, ya rantse ya kulle turken tumaki alhali bai kulle ba. Kafin ya rasu yana kiran Babo da sunan wani abokinsa na soja, yana tambayar Mama 'yar gidan wa ce ita. Babo da Mama ne suka yi jinyarsa har ƙarshe, kuma duk gidanmu an san abin da ba a ambata a gabansa ke nan. Duk lissafin da na yi ranar Juma'a, wannan bai faɗo mini ba.

An shiga ciki dai an zauna, don ba a mayar da baƙo daga ƙofa. Na zagaya da gahawa, kofuna na kaɗawa a kan tire. Goggo ta ce wa baƙi kunya ce. Kawu Mensur bai yi jawabinsa ba, ya ce yau ba ranar magana ba ce, su maza za su yi waya. Abin da na nema ke nan, ga shi na samu, amma ko loma ɗaya ban ci ba. Da za su tafi Hajiya ta riƙe fuskata da hannunta mai lafiya ta ce in daina kuka, tsautsayi ne. Suna cikin tasi Rusmir ya turo mini: “Kowa yana mantuwa. Babanki babana ne, ki kula da shi.” Na kifa wayar a kan gado.

Yau Lahadi da hantsi wani abokin Rusmir ya kawo wata sabuwar daga Tuzla. Ku duba wannan abin kunya, ga mai kyau a ɗakina cikin safa, amma ba halin fito da ita saboda rawayan ɗigon da ke kanta. Na shiga gareji na tarar da Babo zaune a kan kujerar katako, ya sa hannayensa tsakanin gwiwoyi. Bai sa rigar aiki ba. Na miƙa masa kwalin, ya girgiza kai ya ce in sa.

Na cire kan batir, na zare soket, na kwance notin nan da ya riga ya san hannuna. Na shafa wa robar mai na tura, na ɗaure, na goge wutar. Murzawa ɗaya ta tashi. Na bar ta ta yi zafi sosai, na kawo na'urar Mama na hura mata iska har hannuna ya gaji, ko tari ba ta yi ba. Na ɗauko gwangwanin fenti na miƙa masa, ya ce in mayar, ya gama da shi.

Na kashe motar. Wallahi na yi niyya, har na haɗa kalmomin a bakina. Na ce, “Babo, akwai maganar da…”

“Bari in riga ki,” ya ce. “Zauna.”

Na zauna a kan taya a gabansa. Ya ce da safe ya kira Kawu Mensur sun daɗe suna magana. Ya ce daga yau ba zai ƙara taɓa motar kowa ba, don jiya Allah ya rufa asiri, gobe kuma bai san wa zai kashe ba. Ƙarshen wata zai rufe garejin. Ya ce kada in gaya wa Mama dalili tukuna, ta sha wahalar jinya sau ɗaya, a bar ta ta yi bikin 'yarta da farin ciki. Rusmir zai nemi ƙarin hutu, ba za a jira baɗi ba, kafin lokacin kaka ya shigo za a ɗaura.

“Babo, me ya kawo gaggawa?”

“So nake in ba da ke tun ina gane ki,” ya ce. “Babana bai san ranar aurena ba, yana zaune a wajen yana tambayar bikin wa ake yi. Ba na so in yi miki haka.”

Na kasa ɗaga kai. Ya kamo hannuna ya riƙe cikin nasa, ban taɓa jin hannun Babo da sanyi haka ba.

“Na ɓata miki ranarki a gaban mutane, 'yata. Ki yafe mini.”

Kun san a wajenmu idan babba ya nemi yafiya ba a barinsa yana jira. Yana kallona, idonsa ya cika. Na buɗe baki da niyyar in ce ni ce, ni na cire, tana sama a akwatina. Abin da na ji ya fito shi ne, “Na yafe maka, Babo.”

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tashi ya fara sauke sufanunsa daga bango.